Cho Seung-woo: daga waƙar dandamali zuwa lauyan gwamnatin da ba ya murmushi

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na gama kallon shirin Koriya ta Kudu mai suna Stranger, zango na ɗaya da na biyu, kuma jarumin da ya fito a matsayin lauyan gwamnati Hwang Si-mok ya burge ni ƙwarai. Sai wata ƙawata ta ce wai a ƙasarsu mawaƙi ne, a kan dandamali aka fi saninsa. Abin ya ƙi haɗuwa a raina. Mutumin da sai an yi da gaske ake ganin murmushi a fuskarsa, shi ne mai waƙa a gaban jama'a? In haka ne, me ya kawo shi talabijin?

Amsa: Malama, ƙawarki gaskiya ta faɗa miki, sai dai kalmar "mawaƙi" za ta iya kai ki wani wuri daban. Sunansa Cho Seung-woo, wasu kan rubuta Jo, kuma Cho ɗin shi ne sunan gidansu, don a Koriya sunan gida ne ke zuwa gaba. An haife shi a Seoul ranar 28 ga Maris, 1980. Sana'ar da ya fi daɗewa a cikinta ita ce wadda suke kira muzikal, wato wasan daɓe wanda labarinsa ke tafiya a cikin waƙa. Ya yi shekara goma sha biyu yana wannan aiki, yana haɗawa da fim, kafin ya yarda ya fito a shiri mai dogon zango ko sau ɗaya.

Mu da muka tashi da fina-finan Indiya da na Kano, waƙa a tsakiyar labari ba baƙuwarmu ba ce. Amma a can mawaƙi ne ke shiga sutudiyo ya rera, jarumi ya zo ya hau waƙar yana motsa baki, in bai yi daidai ba darakta ya tsayar a sake ɗauka. A muzikal jarumin ne da kansa zai buɗe baki ya rera, makaɗa suna zaune a wani rami a gaban dandamali suna bin sa, mutum sama da dubu suna kallonsa, na kusan awa uku da ɗan hutu a tsakiya. In murya ta shaƙe kowa ya ji. In ya manta baiti babu mai cewa a dakata. Jibi kuma ya dawo ya sake yi tun daga farko, haka har wata uku ko huɗu. Ki riƙe wannan a ranki, don shi ne zai bayyana miki Hwang Si-mok idan mun zo kansa.

Gidansu gidan waƙa ne. Mahaifinsa Cho Kyung-soo sanannen mawaƙi ne a shekarun 1970, yayarsa kuma 'yar wasan dandamali ce. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa yana ƙaramar sakandare ya je kallon wasan makarantar su yayar tasa, inda suka yi Man of La Mancha, labarin Don Quixote, kuma daga wannan ranar ya ƙudurce abin da zai yi da rayuwarsa. Ya shiga sakandaren fasaha ta Kaywon, daga nan ya wuce Jami'ar Dankook sashen wasan kwaikwayo da fim. Yana ɗalibi a can aka yi tantancewar fim ɗin Chunhyang na dattijon darakta Im Kwon-taek, aka zaɓe shi daga cikin mutum kusan dubu ya fito a matsayin saurayin labarin, Lee Mong-ryong. Fim ɗin ya fito a 2000, kuma shi ne fim ɗin Koriya na farko da ya shiga babbar gasar bikin Cannes a Faransa. Yaro ɗan shekara ashirin, aikinsa na farko, sai ga shi a Cannes.

Abin da ya yi bayan ya dawo shi ne ya fi ba ni sha'awa a duk tarihinsa. Akwai wata unguwa a Seoul da ake kira Daehangno, cike take da ƙananan gidajen wasa sama da ɗari, yawancinsu a ƙarƙashin gine-gine, sai an sauka matakala. A cikinsu a lokacin akwai Hakchon, wanda Kim Min-ki ya kafa a 1991, mutumin da gwamnatin soja ta haramta waƙoƙinsa a shekarun 1970. Kujerun gidan ba su kai 200 ba. Nan Cho ya nufa, ya fito a Blood Brothers a 2000, sannan a Line 1 a 2001, wasan da aka ɗauko daga Jamus aka mayar da shi labarin talakawan Seoul da ke hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma kowane ɗan wasa a cikinsa yakan ɗauki matsayi da yawa a dare ɗaya. A irin wannan ɗakin, mai kallo na layin gaba yana ganin zufar goshinka, yana jin numfashinka. Ba a ɓoye ƙarya a nan. Kim Min-ki kuma an san shi da tsanani a kan furuci, yana son kowace kalmar Koriyanci ta fita sarai ko a cikin waƙa take. Manyan jaruman fim irin su Sol Kyung-gu da Hwang Jung-min da Kim Yoon-seok duk ta wannan ƙaramin ɗakin suka biyo. An rufe Hakchon a Maris ɗin 2024, Kim Min-ki kuma ya rasu a Yulin shekarar, kuma duk mai ƙaunar wasan daɓe ya ji zafin wannan rashi.

Shekarar da ta sauya komai ita ce 2004. Kamfanin OD na furodusa Shin Chun-soo ya sayo izinin Jekyll & Hyde, wasan da Frank Wildhorn ya tsara wa kiɗa, labarin likitan da ya haɗa magani don ya raba alherin ɗan Adam da sharrinsa, ya gwada a kansa, sai mugun da ke cikinsa ya fito ya fi ƙarfinsa. A Amurka wasan ya yi kusan shekara huɗu a Broadway amma bai mayar da kuɗin da aka zuba masa ba, masu sharhi ma ba su yaba shi sosai ba. A Koriya aka fassara shi, aka ba wa matashi ɗan shekara 24 matsayin likitan, suna karɓa-karɓa da Ryu Jung-han. Tikitin ranakun Cho ya ƙare ƙarƙaf, ya ci kyautar gwarzon jarumi a bikin karrama 'yan muzikal na ƙasar, masu kallo suka haɗa sunansa da na likitan suka riƙa ce masa Jo-Jekyll. Babbar waƙar wasan, wadda likitan ke yi kafin ya sha maganin, ta fita daga gidan wasa ta shiga gari, har yau ana rera ta a wuraren biki a Koriya.

Akwai wata fitowa kusa da ƙarshen wasan da nake so ki nema ki gani. Likitan da mugun suna jayayya, kuma mutum ɗaya ne ke yin su duka biyun a cikin waƙa ɗaya. Gashin gefe ɗaya a ɗaure, na ɗaya gefen a barbaje. Ya juya dama, hasken fitila ya sauya, murya ta yi laushi tana roƙo. Ya juya hagu, murya ta yi kauri tana gurnani, kafaɗa ta ranƙwafa, hannu ya ƙanƙance. Tsakanin wannan da wancan numfashi ɗaya ne tak. Wanda bai iya ba, abin dariya yake zama a hannunsa. Wanda ya iya kuma sai ka manta mutum ɗaya kake kallo. Cho ya koma wa wannan matsayi a 2006, da 2010, da 2014, da 2018.

A nan zan faɗa miki ra'ayina, kuma masu bin fagen da yawa za su yarda da ni. Ba shi ne ya fi kowa murya a muzikal ɗin Koriya ba. In ana maganar ƙarfin murya da faɗinta, Hong Kwang-ho yana gabansa, haka waɗanda suka yi karatun waƙar opera. Abin da Cho ya fi su shi ne ba ya daina wasa idan waƙa ta fara. Da yawa sukan yi magana a matsayin mutumin labarin, da kiɗa ya tashi sai su koma mawaƙa masu nuna gwaninta. Shi kuwa waƙar tana fitowa ne kamar ci gaban maganar da yake yi, ya san wace kalma zai danne, wace zai sake, ina zai bar murya ta karye da gangan.

Ana cikin haka fim ma ya buɗe masa. The Classic a 2003 tare da Son Ye-jin, sai Marathon a 2005, inda ya fito a matsayin saurayi mai larurar otizim da ya samu natsuwarsa a tseren gudu, labarin da aka gina a kan rayuwar wani matashi na gaske. Sama da mutum miliyan 5 suka shiga sinima suka kalla, ya kwashi kyaututtukan gwarzon jarumi. A 2006 Tazza, labarin 'yan caca, ya jawo kusan mutum miliyan 7, kuma abokin karawarsa a ciki shi ne Kim Yoon-seok, wanda ya riga shi shiga Hakchon. Wani da ya samu haka sai ya yi sallama da dandamali. Shi a shekarar Marathon ɗin ma ya koma ƙaramin gidan wasa ya yi Hedwig, a 2007 ya yi Rent, kuma a wannan shekarar ya ɗauki matsayin Don Quixote, wasan da ya sa shi shiga sana'ar tun yana yaro.

Kin tambayi me ya kawo shi talabijin. Ni tambayar da nake ganin ta fi buɗe al'amarin ita ce me ya sa bai yi gaggawar zuwa ba, kuma amsarta tana cikin yadda kasuwar muzikal take a Koriya. Tun da aka yi The Phantom of the Opera da Koriyanci a 2001, wasan da ya yi wata bakwai ya tara masu kallo kusan dubu 240, masu kuɗi suka gane akwai riba a fagen. Sai aka samu wani tsari da ba haka yake a Landan ko New York ba. A can mutum ɗaya ne ke riƙe babban matsayi kusan kowane dare. A Seoul akan ba mutum biyu, uku, har huɗu matsayi ɗaya, a fitar da jadawali tun kafin a fara sayar da tikiti, kowa ya san ranar da gwaninsa zai hau. Mafi yawan masu kallo mata ne 'yan shekara ashirin zuwa talatin da wani abu, kuma akwai waɗanda ke kallon wasa ɗaya sau goma ko fiye don su ga yadda wannan jarumin zai haɗu da waccan jarumar. Su kansu suna kiran irin wannan kallo da sunan ƙofar nan mai juyawa ta manyan otal, ka fita ka sake shigowa. A irin wannan kasuwa sunan jarumi ake saye, kuma ana iya auna darajar kowa da mintunan da tikitinsa ya ɗauka kafin ya ƙare.

Cho na cikin waɗanda suka fara nuna ƙarfin wannan tsari. Ya tafi aikin bautar ƙasa na dole a Disambar 2008, ya yi shi a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta 'yan sandan Seoul, ya fito a Oktoban 2010, kuma ƙarshen Nuwamba yana kan dandamali a matsayin Jekyll. A lokacin jaridun ƙasar suka ruwaito cewa ana biyansa won (kuɗin Koriya) miliyan 18 a kowace fitowa, kusan dala dubu 16 a canjin wancan lokacin, aka yi ta muhawara a kai. A farkon 2012 da Ju Ji-hoon ya janye daga Doctor Zhivago saboda ciwon maƙogwaro, Cho aka kira, bai jima da sauka daga Zorro ba, ya koyi wasan cikin 'yan makonni ya shiga. Mutumin da yake da wannan matsayi, babu yunwar da za ta kora shi talabijin.

Ba zan ɓoye miki cewa tsarin yana da illa ba, kuma abin yana damuna. Idan kaso mai yawa na kuɗin shiri ya tafi ga mutum biyu ko uku, 'yan amshi da 'yan rawa da ke hawa kowane dare ba hutu su ne ke kwana a ciki, mai kallo kuma ya biya a farashin tikiti. A 2023 kujerar gaba a Phantom ta kai won dubu 190. Kamfanoni kuma suka koma ɗauko mawaƙan zamani masu tarin masoya, wasu sun iya, wasu sunansu kawai aka saya. Laifin ba na Cho ba ne, amma nasararsa tana cikin abin da ya koya wa furodusoshi wannan lissafi.

Sai a Oktoban 2012 ya fito a shirin talabijin na farko, The King's Doctor na tashar MBC, kashi 50, a hannun darakta Lee Byung-hoon, wanda ya yi Jewel in the Palace da mutane da yawa a nan suka kalla. Ya fito a matsayin Baek Gwang-hyeon, mutum na gaske a tarihin daular Joseon a ƙarni na 17, wanda ya fara da jinyar dawaki har ya zama likitan sarki. A ƙarshen shekarar tashar ta ba shi babbar kyautarta, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce, don wasu na ganin jarumi Ahn Jae-wook ya fi cancanta, kuma shi kansa Cho ya nuna rashin jin daɗinsa ga Ahn a jawabinsa na karɓar kyautar. Aikin talabijin a Koriya a wancan zamani wahala ce tsagwaronta: ana ɗaukar shiri ana haska shi a mako ɗaya, rubutun labari yana iso wa 'yan wasa shafi-shafi a wurin ɗauka, barci sai a mota. Ga wanda ya saba da atisaye na wata biyu kafin ya tsaya gaban jama'a, wannan wata duniya ce. Da ya gama a Maris ɗin 2013, Hedwig ya koma. Ya sake leƙowa a 2014 da God's Gift: 14 Days a tashar SBS tare da Lee Bo-young, sannan ya yi fim ɗin Inside Men a 2015 da Lee Byung-hun, inda a nan ma lauyan gwamnati ne, amma mai zafin kai da ɗaga murya.

To, mun iso kan naki. Stranger ya fito a tashar tvN a tsakiyar 2017, kashi 16, kuma shi ne shiri na farko da marubuciya Lee Soo-yeon ta rubuta. An gama ɗaukarsa kafin a fara haskawa, wanda hakan ya ba 'yan wasa damar sanin inda labari ya dosa. Kin san labarin: an yi wa Si-mok aiki a ƙwaƙwalwa yana yaro saboda ƙara na azabtar da shi, aikin ya rage masa jin tausayi da fushi da farin ciki irin na sauran mutane. Wannan matsayi tarko ne. Yawancin 'yan wasa in aka ce musu mutum ba ya jin komai, sai su daskare fuska su yi magana kamar na'ura, kafin kashi na uku mai kallo ya gaji. Ki koma ki sake kallo, ki bar fuskarsa, ki saurari muryarsa. Ba ya ɗaga ta, amma kowace tambaya da ya yi wa wanda ake zargi tana da inda ya ɗan tsaya, da kalmar da ya sauke a hankali. Ki lura da yadda yake tafiya, kafaɗa a ɗan sunkuye, da yadda yake jinkirin daƙiƙa ɗaya kafin ya gaida manyansa, da yadda idonsa ke bin hannun mutum kafin fuskarsa. Mutumin da ya yi shekaru yana koyon yadda zai cika ɗakin mutum dubu da numfashi ɗaya, ya san ma'aunin kowane motsi, shi ya sa da aka ce ya rage, ya san daidai abin da zai cire da abin da zai bari. Jekyll ma ai mutum ne mai danne wani abu a cikinsa. Bambancin kawai, a Stranger ba a taɓa buɗe murfin gaba ɗaya ba, sai ɗan abin da ke tsiyayowa idan yana tare da 'yar sanda Han Yeo-jin, wadda Bae Doona ta fito a matsayinta. Shi ya sa ɗan murmushin nan da kike cewa sai an yi da gaske ake gani yake da nauyi haka idan ya zo.

Jaridar New York Times ta sa shirin a cikin zaɓaɓɓun shirye-shiryen ƙasashen waje na 2017, kuma a bikin Baeksang na 2018 shirin ya ɗauki babbar kyautar talabijin, Cho ya ɗauki ta gwarzon jarumi, marubuciyar ma ta samu tata. Ya sake aiki da ita a Life a 2018, inda ya fito a matsayin shugaban asibitin da kamfani ya turo don ya nemo riba, sai Stranger na biyu a 2020. Sisyphus na 2021 a ganina rubutunsa bai kai shi ba, kuɗi da na'urori sun yi yawa, labari ya yi rauni. Divorce Attorney Shin na 2023 ya fi sauƙi da ɗumi, kuma a nan za ki ji shi yana waƙa a talabijin, don lauyan da ya fito a matsayinsa tsohon makaɗin piyano ne mai son tsofaffin waƙoƙin Koriya.

Hanyar da ya bi ta zama turba ga wasu. Jeon Mi-do, wadda suka yi Doctor Zhivago da Sweeney Todd tare, ta shafe sama da shekara goma tana tauraruwa a dandamali kafin masu kallon talabijin su san ta a Hospital Playlist a 2020, tare da Jo Jung-suk, wanda shi ma ɗan muzikal ne da ya yi Hedwig. Idan kika ga sabuwar fuska 'yar shekara talatin da wani abu a shirin Koriya, kuma wasanta ya nuna ba yau ta fara ba, sau da yawa daga Daehangno ta fito.

Shi kuwa har yanzu dandamalin ne gidansa. A Maris ɗin 2023 ya hau matsayin Phantom a birnin Busan, daga baya a Seoul, karo na farko cikin shekara 13 da aka yi wasan da Koriyanci. Waƙoƙin wannan wasa an rubuta su ne don masu muryar opera, cikin abokan karɓa-karɓarsa ma akwai Kim Ju-taek, mawaƙin opera na gaske, ga kuma rabin fuska a rufe, ga rashin lafiyar hanci da maƙogwaro da ta same shi lokacin atisaye. Duk da haka ya ci kyautar gwarzon jarumin muzikal a Janairun 2024. A Oktoban wannan shekarar kuma, yana da shekara 44, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara sana'a: wasan daɓe zalla wanda babu waƙa a cikinsa, Hamlet na Shakespeare, a Cibiyar Fasaha ta Seoul, kuma tikitinsa ya ƙare tun kafin a buɗe labule.

Cikakkun wasannin nan da wuya ki same su a bidiyo, don masu haƙƙin mallaka na waje ba sa barin a naɗa a sayar. Amma akwai gutsattsarin da kamfanonin suka saki da waɗanda aka ɗauka a bukukuwan karramawa a YouTube. Ki rubuta sunansa tare da Jekyll & Hyde, ki kalli waƙar da likitan ke yi kafin ya sha maganin, sannan ki buɗe kashi na farko na Stranger, inda Si-mok ya shiga gidan da aka yi kisan yana bin ɗakin da ido shi kaɗai.